Buɗe Sabuwar Kakar Ƙwallon Kwando ta Mata a Jami'o'in Amurka: Misali Daga Jami'ar Karolina ta Kudu

Gabatarwa

A ranar Litinin 6 ga watan Nuwamba na shekarar 2023, ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ta Jami'ar Karolina ta Kudu da ke ƙasar Amurka ta buɗe kakar wasanninta ta 2023/2024. Abu biyu ne suka ja hankalin mutane a wannan rana. Na farko, a birnin Faris na ƙasar Faransa aka buga wasan, inda ta kara da takwararta ta Jami'ar Notre Dame, wadda ita ma daga Amurka ta je. Na biyu, wanda ya fi na farkon muhimmanci, shi ne duk 'yan wasa biyar da suka saba fara wa ƙungiyar wasa a kakar da ta gabata babu ko ɗaya daga cikinsu a fili. Babu wadda ta ji ciwo, babu kuma wadda aka kora. Zamansu na jami'a ne ya ƙare.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana wa mai karatu abin da buɗe kaka yake nufi ga ƙungiyar jami'a, domin ya sha bamban da abin da muka saba gani a ƙungiyoyin ƙwararru irin su Enyimba ko Kano Pillars. Ƙungiyar ƙwararru tana iya riƙe gwaninta shekara goma muddin tana da kuɗin biyansa. Ita kuwa ƙungiyar jami'a kamar aji take, kullum ana shiga ana fita, kuma waɗanda suka fi gogewa su ne a bakin ƙofa. Saboda haka ranar buɗe kaka ita ce ranar da ake fara ganin ko ginin da mai horarwa ta sake yi zai tsaya.

Kakar Wasa da Yadda Aka Tsara Ta

Kalmar "kaka" da masu sharhin wasanni a gidajen rediyo suka aro daga manoma ta zauna daram a nan, domin kuwa a farkon watan Nuwamba ake buɗe wasannin, daidai lokacin da ake ɗaure dawa a ƙasar Hausa. Daga nan ba a tsayawa sai farkon watan Afrilu. Ɗalibin Nijeriya da ya san wasannin NUGA, waɗanda aka fara a Jami'ar Ibadan a shekarar 1966, zai ga bambanci nan take. Namu biki ne na 'yan kwanaki da ake taruwa a jami'a ɗaya a yi a watse. Nasu kuwa wata biyar ake yi ana bugawa, sau ɗaya ko sau biyu a mako, yau a gida, jibi a wani gari mai nisan sa'o'i a jirgin sama, kuma duk ana cikin zangon karatu.

Hukumar da ke kula da wasannin manyan makarantu ana kiran ta NCAA. A matakinta na sama akwai jami'o'i fiye da 350, waɗanda aka karkasa rukuni-rukuni. Karolina ta Kudu tana cikin rukunin kudu maso gabas, wato SEC. A watannin Nuwamba da Disamba kowace jami'a ita take nemo abokan karawarta daga wasu rukunoni, ta hanyar yarjejeniya tsakaninsu. Daga Janairu sai a koma wasannin cikin rukuni, waɗanda a SEC guda 16 ne a waccan kaka. A farkon Maris kowane rukuni yana yin gasarsa ta fitar da gwani. Bayan haka sai babbar gasa ta ƙasa, wadda a kakar da muke magana a kanta ƙungiyoyi 68 ne suka shiga. Wadda ta ci gasar rukuninta tana shiga kai tsaye, sauran kuma wani kwamiti ne yake zaɓo su bisa la'akari da waɗanda suka doke da waɗanda suka doke su. A wannan gasa kaye ɗaya ya isa a koma gida, shi ya sa Amurkawa suke yi mata laƙabi da haukan watan Maris.

Wannan aiki na kwamiti shi ne ya ba wasannin Nuwamba nauyi. Mai horarwar da ta tara ƙananan makarantu tana lallasa su a farkon kaka za ta samu alƙaluma masu kyau, amma kwamitin ba zai ɗauke su da daraja ba. Wadda kuma ta nemo manya tun ranar farko tana iya shan kaye a bainar jama'a kafin 'yan wasanta su san juna. Kowace mai horarwa sai ta zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan haɗurra biyu.

Dangane da shi kansa wasan, abin da mai karatu yake bukata kaɗan ne. Mutum biyar-biyar ne a fili. Ana yin zubi huɗu, kowane minti goma, tsarin da aka koma kansa a wasan mata tun kakar 2015/2016. Kwandon yana da tsayin ƙafa goma daga ƙasa. Jifan da ya shiga daga kusa maki biyu ne, wanda aka yi daga bayan layin nan mai kama da baka maki uku, jifan tara kuma maki ɗaya. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da daƙiƙa 30 ta yi jifa, in ba haka ba ta rasa ta. Ana iya sauya 'yar wasa a dawo da ita sau nawa aka ga dama, don haka 'yan benci a ƙwallon kwando ba 'yan rakiya ba ne. Za mu ga amfanin wannan a gaba.

Dalilin da Ƙungiya ke Zubewa

A dokar da NCAA take aiki da ita a wancan lokaci, ɗaliba tana da damar buga kaka huɗu ne a cikin shekara biyar, kuma dole ta kasance tana ɗaukar darussa cikakku tana cin jarrabawa. An kuma ƙayyade cewa horo da wasa kada su wuce sa'a 20 a mako a lokacin kaka, ko da yake ba a lissafa lokacin tafiye-tafiye a ciki, wanda a ganina shi ne ya fi cin lokacin karatun. Kowace ƙungiyar mata tana iya ba ɗalibai 15 tallafin karatu, wanda ya haɗa da kuɗin makaranta da ɗakin kwana da abinci da littattafai.

Akwai wani bambanci tsakanin maza da mata da ya kamata a lura da shi. Namiji gwani yakan yi shekara ɗaya kacal a jami'a ya wuce gasar ƙwararru ta NBA yana ɗan shekara 19. Gasar ƙwararru ta mata kuwa, wato WNBA, a ƙa'idar da ta yi aiki a 2023 ba ta ɗaukar Ba'amurkiya sai ta kai shekara 22 a shekarar zaɓen, ko ta kammala digiri. Sakamakon haka taurarin mata suna daɗewa a jami'a, 'yan kallo su san su, su shaƙu da su. Amma kuma idan tafiya ta zo, sai aji guda ya tashi gaba ɗaya.

Abin da ya faru da Karolina ta Kudu ke nan. A shekarar 2019 ta ɗauki wasu sababbin ɗalibai da suka haɗa da Aliyah Boston da Zia Cooke da Brea Beal da Laeticia Amihere. A shekara huɗun da suka yi, ƙungiyar ta ci wasa 129, aka cinye ta sau 9 kawai, ta kuma ɗauki kofin ƙasa a 2022. A kakarsu ta ƙarshe sun ci wasa 36 a jere ba tare da kaye ba, har kowa ya ɗauka kofi na biyu ya zo hannu. Sai ga shi a ranar 31 ga Maris, 2023, a birnin Dallas, Jami'ar Iowa ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe da maki 77 da 73, inda Caitlin Clark ita kaɗai ta ci maki 41. Kwana goma bayan haka aka yi zaɓen sababbin 'yan wasa na WNBA, aka ɗauki biyar daga wannan ƙungiya, Boston ce ma aka fara zaɓa a duk ƙasar. Wasu daga cikinsu suna da damar ƙara shekara ɗaya, saboda rangwamen da hukumar ta yi wa waɗanda annobar korona ta shafa, amma suka zaɓi tafiya.

Wasan na Dallas ya bar wani tabo da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne ya tsara yadda aka sake gina ƙungiyar. 'Yan Iowa sun lura cewa ƙarfin Karolina ta Kudu yana ƙarƙashin kwando ne, wurin dogayen 'yan wasanta, sai suka cunkushe wurin suka bar na waje su yi ta jifa. Cikin jifan nesa 20 da suka yi, huɗu kawai suka shiga. Akwai ma lokacin da Clark ta kaɗa hannu ta ƙi zuwa tsare wata matashiya mai suna Raven Johnson da ke tsaye da ƙwallo a bayan layi, alamar cewa ba ta isa a damu da ita ba. Hoton bidiyon wannan abu ya yi ta yawo a intanet har tsawon watanni.

Mai Horarwa

Wadda nauyin sake ginin ya hau kanta ita ce Dawn Staley, haifaffiyar birnin Philadelphia a shekarar 1970. Ta yi wasa a Jami'ar Virginia, ta ci wa Amurka lambar zinariya sau uku a wasannin Olamfik na 1996 da 2000 da 2004, sannan ta ƙara ta huɗu a matsayin mai horarwa a Tokyo a 2021. Ta karɓi Karolina ta Kudu a 2008 lokacin da ƙungiyar ba ta da wani suna. A kakarta ta farko wasa 10 ta ci, aka cinye ta 18. Shekara tara bayan haka, a 2017, ta ɗauki kofin ƙasa na farko tare da A'ja Wilson, wadda jami'ar ta kafa wa mutum-mutumi a ƙofar zauren wasanta a 2021. Staley ce baƙar fata mace ta biyu da ta ɗauki wannan kofi a matsayin shugabar masu horarwa, bayan Carolyn Peck da ta ɗauka da Jami'ar Purdue a 1999.

Laƙabin ƙungiyoyin jami'ar da Ingilishi yana nufin zakarun faɗa, wato irin waɗanda ake haɗawa su yi dambe. Bahaushe zai yi murmushi a nan, domin a wurinsa zakara shi ne kuma gwanin da ya ɗauki gasa, ga shi kuma mata ne ake kira da sunan.

Ya kamata a ɗan waiwaya baya don a gane yadda aka yi har mace ta samu irin wannan matsayi. An ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891 a garin Springfield, kuma kwandunan zuba 'ya'yan itace ne James Naismith ya rataye, inda sunan ya samo asali. Mata sun shiga tun 1892, kuma a 1896 aka yi wasan farko tsakanin jami'o'i biyu na mata, Stanford ta doke Berkeley da maki 2 da 1. Duk da wannan daɗewa, sai da aka yi dokar ilimi ta 1972, wadda sashenta na tara ya haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, sannan jami'o'i suka fara ware wa mata tallafin karatu da masu horarwa na sosai. NCAA ba ta fara shirya gasar mata ba sai 1982. Ko a 2021 sai da aka yi cece-kuce, lokacin da wata 'yar wasa ta nuna wa duniya 'yan ƙarafunan motsa jiki da aka ajiye wa mata a wurin gasarsu, alhali an cika wa maza katafaren zaure. Bayan wannan abin kunya ne aka ƙara yawan ƙungiyoyin mata daga 64 zuwa 68, daidai da na maza.

Inda Ake Samo Sababbi

Hanya uku mai horarwa take da su na cike gurbi, kuma Staley ta bi dukansu a 2023.

Ta farko ita ce 'yan benci su matso gaba. Babbar cikinsu ita ce Kamilla Cardoso, 'yar ƙasar Barazil mai tsayin mita biyu da ɗoriya, wadda ta bar iyayenta tana yarinya ta je Amurka karatun sakandare saboda wasa. Ta yi kaka biyu tana shigowa daga benci a inuwar Boston, alhali a kusan kowace jami'a ita ce za ta zama tauraruwa. Raven Johnson da Bree Hall da Chloe Kitts da Ashlyn Watkins su ma suna cikin masu jiran layi.

Ta biyu ita ce ɗauko sababbi daga sakandare. A nan aka samu MiLaysia Fulwiley, 'yar garin Columbia inda jami'ar take, wadda Staley ta yi wa tayin tallafin karatu tun tana ƙaramar sakandare, da kuma Tessa Johnson daga jihar Minnesota.

Hanya ta uku sabuwa ce, kuma ita ce ta fi sauya fuskar wasan. A da, ɗalibar da ta sauya jami'a sai ta zauna kaka guda ba ta wasa, abin da ya sa ba kowa ke son yin haka ba. A 2018 hukumar ta buɗe wata rajista a kwamfuta inda mai neman sauya makaranta za ta sa sunanta, duk masu horarwa su gani. A 2021 kuma aka cire dokar zaman kaka guda, sannan daga 1 ga Yuli na wannan shekara aka ba ɗalibai damar karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu. Haɗuwar waɗannan abubuwa ta mayar da watannin Afrilu da Mayu tamkar ranar kasuwa. Daga wannan kasuwa Staley mutum ɗaya ta fi bukata, mai jifan nesa, ta kuwa same ta: Te-Hina Paopao, wadda ta yi shekara uku a Jami'ar Oregon. Wato ciwon da Iowa ta nuna, shi aka sayo wa magani.

Tara mutane daban, zama ƙungiya daban. Ana ba da izinin fara cikakken horo kimanin mako shida kafin wasan farko, kuma Staley ba ta ɓoye cewa ba ta ji daɗin abin da ta gani a farko ba. Ta sha kwatanta 'yan wasan nata da gidan renon yara, saboda surutu da makara da rashin mayar da hankali, har ta ce ta yi tunanin yin ritaya. Waɗanda suka tafi su ne suke tsawata wa na ƙasa, yanzu kuwa babu babba a ɗaki.

Hasashen 'Yan Jarida

Kafin a buga ko wasa ɗaya, kamfanin dillancin labarai na AP yakan tattara ra'ayin wasu 'yan jarida ya fitar da jerin ƙungiyoyi 25 da ake ganin sun fi ƙarfi, sannan a riƙa sabunta shi kowane mako. Wannan jeri ba ya ba kowa kofi, amma shi ake rubutawa kusa da sunan ƙungiya a talabijin, shi ne kuma abin musun magoya baya. A jerin farko na waccan kaka an sa Jami'ar LSU, mai riƙe da kofi, a matsayi na ɗaya, Karolina ta Kudu ta shida, Notre Dame ta goma. Ga ƙungiyar da ta shafe kakar da ta gabata tana ta ɗaya tun daga farko har ƙarshe, matsayi na shida saƙo ne cewa ana ganin zamaninta ya wuce. Ni dai ban ga laifin 'yan jaridar ba. Abin da suka gani a bara da shi suka yi awo, kuma waɗanda suka yi abin na bara sun tafi. Raunin irin wannan jeri ke nan a wasan jami'a: ana auna tuwon jiya ne alhali an sake tukunya.

Ranar Buɗewa

An buga wasan a zauren Georges Carpentier, kuma shi ne karon farko da aka yi wasan kaka na ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka a birnin Faris. Biyar ɗin da suka fara su ne Johnson da Paopao da Hall da Kitts da Cardoso. A zubi na farko an yi kankankan, domin Notre Dame ma ta zo da tata sabuwar ɗaliba, Hannah Hidalgo, wadda ta tashi da maki 31 a wasanta na farko a jami'a. A zubi na biyu ne Karolina ta Kudu ta yi musu fintinkau. A nan ne Fulwiley, wadda ta shigo daga benci, ta ɗauko ƙwallo tun daga ɓangarensu a guje, ta zagaya da ita ta bayanta a gaban masu tsaro, ta ɗaga ta jefa a kwando ba tare da ta rage gudu ba. Tsohon gwanin nan Magic Johnson yana cikin waɗanda suka yaba wannan bajinta a shafinsa na intanet. An tashi 100 da 71. Cardoso ta ci maki 20, ta kuma cafe ƙwallon da ta ƙi shiga kwando sau 15, Fulwiley ta ci 17.

A wannan rana dai, a birnin Las Vegas, Jami'ar Colorado ta doke LSU da maki 92 da 78. Kwana shida bayan haka Karolina ta Kudu ta lallasa Maryland da 114 da 76, kuma da aka fitar da sabon jeri sai ga ta a matsayi na ɗaya. Ba ta sake sauka ba har ƙarshen kaka.

Abin da wasan Faris ya nuna ya wuce yawan maki. Tsohuwar ƙungiyar a hankali take wasa, tana dogara da tsaro da tura ƙwallo wurin Boston. Sabuwar kuwa gudu take yi, tana jifa daga nesa, kuma makinta a rarrabe yake tsakanin mutum takwas ko tara, ta yadda abokin hamayya bai san wa zai tsare ba. Staley ba ta nemi wadda za ta zama Boston ba, ta sauya salon ne ya dace da waɗanda ke hannunta. Wannan ne nake ganin ya fi wuya a aikin mai horarwa, musamman wadda tsohon salonta ya ci mata wasa 129.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, in ji masu magana, sai dai hanyar ba ta zo da sauƙi kamar yadda alƙaluma suke nunawa ba. A ƙarshen Nuwamba, a wasansu da Jami'ar Karolina ta Arewa, Staley ta zaunar da Fulwiley a benci kusan duk wasan saboda sakacinta wajen tsaro, duk da sunan da ta yi a Faris. A watan Fabrairu Cardoso ta tafi yi wa Barazil wasannin neman shiga Olamfik, sai da aka buga wasu wasanni babu ita. A ranar 9 ga Maris, 2024, a gasar rukuninsu, Jami'ar Tennessee tana gaba da maki biyu saura kimanin daƙiƙa ɗaya a tashi. Aka miƙa wa Cardoso ƙwallo a bayan layi, babu wanda ya je tsare ta domin ba ta taɓa cin jifan nesa ba tun da ta shiga jami'a. Ta jefa, ƙwallo ta daki allo ta faɗa kwando, aka tashi 74 da 73.

Wasan ƙarshe na ƙasa an yi shi ranar 7 ga Afrilu, 2024, a birnin Cleveland, kuma Iowa ce dai aka sake haɗuwa da ita. Iowa ta fara cin maki 10 kafin Karolina ta Kudu ta ci ko ɗaya, Clark kuma ta ci 18 a zubi na farko kaɗai. Daga nan aka ba Raven Johnson, wadda aka kaɗa wa hannu a bara, aikin tsare ta. A sauran zubi ukun maki 12 Clark ta ƙara. 'Yan bencin Karolina ta Kudu sun ci maki 37, na Iowa ba su ci ko ɗaya ba, kuma wadda ta fi cin maki a ɓangaren masu nasara ita ce sabuwar ɗaliba Tessa Johnson da 19. An tashi 87 da 75. Wasa 38, nasara 38, ƙungiya ta goma a tarihin gasar da ta ɗauki kofi ba tare da kaye ba. Paopao ta gama kakar tana kan gaba a duk ƙasar wajen dacewar jifan nesa, inda kusan kashi 47 cikin ɗari na jifanta suka shiga. Kimanin mutum miliyan 18.9 ne suka kalli wasan a talabijin, karon farko da wasan ƙarshe na mata ya fi na maza 'yan kallo.

Abin da Ya Shafe Mu

Mai karatu zai iya tambayar ina ruwan ɗalibin Nijeriya da wasan da ake yi a wata uwa duniya. Amsar tana cikin ƙungiyar matanmu ta ƙasa, D'Tigress, wadda ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025. Da yawa daga cikin 'yan wasanta a wannan tsari na jami'o'in Amurka suka goge: Ezinne Kalu a Savannah State, Amy Okonkwo a TCU, Elizabeth Balogun a Duke. Rena Wakama, wadda ta jagorance su zuwa Olamfik na 2024, ita ma ta yi wasa a Western Carolina. A wannan gasa suka doke Ostireliya da Kanada, suka zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas. Wadda ta fitar da su ita ce Amurka, da maki 88 da 74, kuma A'ja Wilson, tsohuwar ɗalibar Staley, ita ta fi kowa ci a ɓangaren Amurka a ranar. Abin alfahari ne, amma da ɗan ɗaci a ciki, tun da jami'o'in wata ƙasa ne suke rena mana 'yan wasan ƙasa. Ɗalibar da ke buga wasa 30 a shekara a gaban dubban mutane ba za a haɗa ta da wadda ke jiran bikin 'yan kwanaki ba, komai baiwarta.

Kaka ta Gaba

Mako guda bayan ɗaukar kofin, ƙungiyar Chicago Sky ta zaɓi Cardoso a matsayi na uku a zaɓen WNBA, sai aka koma neman mai tsayawa ƙarƙashin kwando. A ranar 4 ga Nuwamba, 2024, Karolina ta Kudu ta buɗe sabuwar kaka a Las Vegas, inda da ƙyar ta doke Michigan da 68 da 62. Bayan mako uku Jami'ar UCLA ta katse mata nasarori 43 da ta jera. Duk da haka ta sake kaiwa wasan ƙarshe a Afrilun 2025, inda Jami'ar Connecticut ta doke ta da 82 da 59. A cikin wannan wata Paopao da Hall suka wuce WNBA. Fulwiley kuwa, 'yar garin da Staley ta sa wa ido tun tana yarinya, saura mata kaka biyu, ta sa sunanta a rajistar masu sauya makaranta ta koma LSU, babbar abokiyar hamayyarsu a rukunin SEC.